Lalacewar Gashin Kare da Yadda Yake Sake Tsirowa



Maganar da aka ɗora mini ita ce lalacewar gashin kare da yadda yake sake tsirowa. Ba na shakka akwai waɗanda da suka karanta sanarwar suka yi murmushi, suka ce ashe har an rasa abin yi wa lacca sai gashin kare. Ban ga laifinsu ba, amma ina roƙonsu su ba ni aron kunnuwansu, domin ina da dalilai uku. Na farko, da yawa daga cikinku nan da shekara biyu ko uku za ku kama aiki, a ba ku gida a unguwar ma'aikata inda gidaje ke nesa da juna, kuma ba za a daɗe ba za ku nemi karen gadi. Wasunku kuwa daga gidajen mafarauta ko makiyaya suka fito, sun san darajar kare tun suna yara. Duk wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amanar cinta da shanta da lafiyarta. Na biyu, biyu daga cikin cututtukan da ke zubar da gashin kare suna kama mutane, musamman yara ƙanana masu wasa a tsakar gida. Na uku, ana ɓarnar kuɗi da rayukan karnuka masu yawa wajen yin maganin da bai dace ba, alhali da an san asalin abin da ba a kai ga haka ba.

Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, zubewar gashi alama ce, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Idan kare ya yi sanƙo a wani sashen jikinsa, tambayoyi uku ne ke gaban mai shi: me ya jawo, shin saiwar gashin tana da rai, kuma tsawon wane lokaci ya kamata a jira. A kan waɗannan tambayoyi zan gina maganata.

Yadda gashin kare yake

Kowane gashi yana fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata, kuma a ƙasan ramin nan saiwarsa take, inda jini ke kawo mata abinci. Gashin da muke gani a waje matacce ne, shi ya sa aski ba ya zafi. Rai yana can ƙasa a saiwa. A jikin ɗan Adam gashi ɗaya ne ke fitowa daga kowane rami, amma a jikin kare kofa ɗaya takan fitar da gashi mai kauri guda, tare da waɗansu masu laushi a kewayensa. Masu kaurin su ne rigar waje, suna tare ruwa da rana da ƙaya. Masu laushin su ne rigar ciki, suna riƙe iska kusa da fata kamar yadda auduga ke yi a cikin bargo. A gefen kowane rami kuma akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo, wanda ke sa gashi sheƙi, ya kuma hana fata bushewa.

Yawan rigar cikin nan ya danganta da ƙasar da irin karen ya samo asali. Karen Haski na Saiberiya, da Cau-Cau na ƙasar Sin, da Alseshan na Jamus wanda manyan ma'aikata ke sha'awa, duk suna da riga biyu masu kauri. Karen Azawak kuwa, wanda Abzinawa da maƙwabtansu ke kiwo a tsakanin Nijar da Mali da Barkina Faso, gashinsa gajere ne ƙwarai, kusan babu shi a ciki, haka nan kuma yawancin karnukanmu na gida. A Meksiko har akwai irin karen da ake haifa ba gashi, kuma wannan halittarsa ce, babu maganin da zai sa ya yi gashi.

Gashi ba ya tsirowa kullum babu tsayawa. Kowace saiwa tana da lokacin aiki, lokacin da take ƙera gashi yana tsawo. Sa'an nan ta ɗan tsuke na 'yan kwanaki. Sa'an nan ta shiga hutu, tsohon gashin yana nan maƙale a ramin, har ran da sabo zai taso ya ture shi ya faɗi. A kan ɗan Adam yawancin saiwoyi suna bakin aiki shekara da shekaru, don haka ne muke zuwa wurin wanzami. Karen Fudul ma haka yake, tilas a riƙa yi masa aski. Amma yawancin karnuka, musamman na ƙasashen sanyi, saiwoyinsu sun fi daɗewa a cikin hutu. Gashin yakan kai tsawon da aka ƙaddara masa ya tsaya, ya zauna haka watanni masu yawa. Hikimar wannan a fili take, domin gashi kusan dukkansa furotin ne, watau sinadarin gina jiki, kuma dabbar da ke zaune cikin ƙanƙara ba ta da abincin da za ta riƙa sake riga kowane wata. A ƙasashen Turai tsawon yini da gajartarsa ne ke tayar da saiwoyin, shi ya sa karnukansu ke zubar da gashi sosai sau biyu a shekara. Ku riƙe wannan magana ta hutu, za mu komo kanta.

Ɓarnar da hannun mutum ke yi

Zan fara da ɓarnar da mu da kanmu muke yi, da kyakkyawar niyya. Idan bazara ta yi, watan Maris ko Afrilu, mai Alseshan yakan ga karensa kwance yana haki, tausayi ya kama shi, ya sa a kawo injin aski a yi masa ƙwal. Ya auna karen ne da jikinsa, domin shi idan ya ji zafi tuɓe riga yake yi ya yi gumi ya sha iska. Kare kuwa ba ya sanyaya jikinsa da gumi kamar mu. Gumin da ke da ɗan amfani gare shi a tafin ƙafafunsa yake fita, babbar hanyarsa ta rage zafi kuwa ita ce hakin nan da muke gani. Saboda haka aski ba ya ƙara masa sanyin da ake zato, ga shi kuma an kware masa abin da ke tare hasken rana. Fatar kare ta fi ta mutum siranta, rana na iya ƙona ta, ƙudaje da sauro kuma su sami hanya.

Bayan wannan sai jiran tsirowa. A shekarar 2004 wasu likitocin dabbobi a Amurka suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a kan karnukan Labrado. Sun aske wani sashe na jikinsu, suka riƙa aunawa, suka tarar gashin yana ɗaukar kimanin mako 14 zuwa 15 kafin ya koma tsawonsa na da, kuma bambancin lokutan shekara bai canja wannan sosai ba. Watau ko lafiyayyen kare yana bukatar wajen wata uku da rabi. Karnuka masu riga biyu, irin su Haski da Cau-Cau da ɗan ƙaramin nan Fomeraniya, wani lokaci idan aka aske su sai wurin ya zauna fayau wata shida, ko shekara guda, wasu har shekara biyu. Ana ganin haka ko bayan askin da likita ya yi domin fiɗa, musamman a gadon baya kusa da ƙugu. Dalili shi ne an aske gashin ne saiwoyin suna hutu, kuma aski ba ya tashin saiwa daga barci, sai lokacinta ya yi. Daɗin daɗawa, idan ya fara tsirowa rigar ciki takan riga ta waje, sai karen ya fito da wani gashi mai kama da audugar rimi, mai kama ƙura da ƙarangiya, har sai masu kaurin sun cim masa.

Abin da ya dace da kare mai kaurin gashi a lokacin zafi shi ne inuwa, da ruwan sha wadatacce, da taje shi da mataji ko buroshi domin a fitar da mataccen gashin ciki, iska ta sami hanya. Amma idan an yi sakaci har gashi ya cukurkuɗe ya dunƙule kamar tsumma, yana jan fata, danshi da ƙwari na ɓuya ƙarƙashinsa, to, a nan aski ya zama tilas. A yi shi da injin aski a hankali, domin almakashi kan haɗa da fata.

Ɓarna ta biyu ita ce wanka da abin da bai dace ba. Garin sabulun wanki da sabulun wanke kwanuka an yi su ne domin su cire maiƙo, kuma sukan cire maiƙon nan mai amfani daga fatar kare, gashi ya bushe ya riƙa karyewa, amosani ya taso. Abin ya fi muni da hunturu, sa'ad da iska da kanta take busar da fata. Ta uku ita ce igiya ko sarƙa da ke goge wuya dare da rana, da kwanciya kullum a kan siminti, wadda ke sa gwiwar hannu ta yi kanta, gashin wurin ya tafi.

Ta huɗu, wadda ta fi duka haɗari, ita ce shafa wa kare baƙin mai na mota, ko kananzir, ko maganin ƙwari na gona, da sunan maganin ƙazwa. Jama'a, wannan al'ada ta yaɗu ƙwarai, kuma ina roƙonku ku yaƙe ta duk inda kuka gan ta. Baƙin mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da sinadarai masu guba. Yana ƙona fatar da dama ta riga ta raunana, yana ratsa ta ya shiga jini, kuma kare zai lashe shi ya haɗiye. Maganin ƙwari na gona kuwa yakan sa kare ya riƙa dalalar da miyau, jikinsa na rawa, ya mutu cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya tsira ma, idan ƙunar ta yi zurfi ta kashe saiwoyi, ya yi sallama da gashin wurin har abada. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Ƙwari da cututtukan fata

Yanzu mu juya ga maƙiyan da ke zuwa daga waje. Abin da muke kira ƙazwar kare iri biyu ne, kuma rarrabe su wajibi ne.

Ta farko wani ƙwaro ne ke kawo ta, wanda likitoci ke kira Sarkoftis, ƙarami ne ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsa. Macen takan haƙa rami a saman fata ta zuba ƙwai, kuma cikin kamar mako uku 'ya'yan sun girma sun fara nasu. Alamarta ƙaiƙayi ne mai tsanani, wanda ke hana kare barci da cin abinci. Takan fara daga bakin kunnuwa da gwiwoyi da ciki, wurin ya yi ja ya yi ɓawo. A nan karen ne da kansa ke tuge gashinsa da susa da cizo. Tana yaɗuwa daga kare zuwa kare da sauri, kuma tana kama mutum, ya ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannuwa ko ciki, ko da yake ƙwaron kare ba ya daɗewa a jikin ɗan Adam muddin an yi wa karen magani. Idan kare ɗaya ya kamu, a yi wa duk karnukan gidan magani tare, a kuma wanke ko a ƙona abin da suke kwanciya a kai.

Ta biyu ta wani ƙwaro ce mai suna Demodeks, dogo siriri, wanda ke zaune a cikin ramin gashi. Abin mamaki, kusan kowane kare yana ɗauke da 'yan kaɗan daga cikinsu, ya samo su daga uwarsa a kwanakin farko na shan nono, kuma ba sa cutar da shi muddin garkuwar jikinsa tana da ƙarfi. Idan garkuwar ta yi rauni sai su yi yawa su cika ramukan, gashi ya faɗi. A jikin kwikwiyon da bai kai shekara ba akan ga ɗan sanƙo a kewayen ido ko baki ko ƙafar gaba, ba ƙaiƙayi sosai, kuma sau da yawa yakan warke da kansa cikin wata biyu. Amma idan ya game jiki, ya haɗu da mugunya da wari, ya zama babbar cuta mai bukatar magani na watanni. Idan kuwa babban kare ne ya kamu da ita karo na farko, lalle a bincika, domin akwai wata cuta a ɓoye da ta karya masa garkuwa. Wannan irin ba ta kama mutum.

Sai makero, wanda duk mun san shi a kawunan yara 'yan makaranta. Ba tsutsa ba ce ke kawo shi, wani abu ne dangin fumfuna wanda ke cin gashin kansa, ya raunana shi ya karye daga tushe, ya bar fili zagayayye mai amosani. Yana wucewa daga kare ko kyanwa zuwa yaro cikin sauƙi, kuma irinsa na iya zama a cikin karyayyen gashi da ya zuba a ɗaki fiye da shekara guda yana jiran wanda zai kama. Don haka maganinsa ya haɗa da shara da wanki.

Ƙuma kuwa takan bar alamarta a gadon baya kusa da gindin wutsiya. Wasu karnuka jikinsu ba ya jure miyan ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya sa su susa har su yi rauni. Macen ƙuma na iya yin ƙwai har 50 a yini, kuma ƙwan zubewa suke yi ƙasa, saboda haka mafi yawan rundunar tana cikin ƙura da tabarma da makwancin kare, waɗanda ke jikinsa kaɗan ne. Wanda ya wanke kare ya bar makwancinsa ya yi aikin baban giwa. Kaska da ƙwarƙwata su ma suna nasu. Akwai kuma wani ƙuda na ƙasashenmu masu zafi wanda ke zuba ƙwai a yashi inda aka yi fitsari, tsutsarsa ta huda fatar kare, musamman kwikwiyo, ta zauna ciki kamar maruru mai 'yar kofa a tsakiya, ta yi wajen kwana goma tana girma. Ya fi yawa da damina, kuma rigakafinsa busasshen makwanci mai tsabta.

Abin farin ciki, magungunan waɗannan ƙwari sun ci gaba ƙwarai. A 1981 aka fara sayar da ibamektin domin dabbobi, maganin nan da daga baya aka riƙa raba wa mutane domin ciwon makanta na bakin kogi, wanda kuma ya sa Satoshi Omura na Japan da William Campbell suka sami lambar Nobel a 2015. Amma ku yi hattara, a 2001 masu bincike a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka suka gano cewa karnukan Koli da danginsu suna da wani naƙasu na gado wanda ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa ya zama guba, kuma ana samun wannan naƙasu a wasu Alseshan. Saboda haka kada kowa ya ɗebi na shanu ya yi wa karensa allura da ka. Daga 2013 da 2014 kuma aka fito da sababbin ƙwayoyi na haɗiya waɗanda guda ɗaya ke kashe ƙuma da kaska na tsawon wata ɗaya zuwa uku, kuma an tarar suna maganin ƙazwa iri biyun nan. Likitan dabbobi ne zai zaɓi wanda ya dace, bayan ya kankari fatar ya duba a madubi.

Abin da ke zuwa daga cikin jiki

Akwai zubewar gashin da ba ƙwaro ba ƙaiƙayi, kuma ita ce ta fi rikita mai kare. Babbar alamarta ita ce takan zo daidai wa daida a ɓangarorin jiki biyu, abin da ya zube a dama shi ya zube a hagu, kai da ƙafafu kuwa suna nan da gashinsu. Idan kun ga haka, ku san matsalar tana cikin jini.

A wuya akwai wata halitta da likitoci ke kira tayirod, ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo a jikin mutum. Sinadarin da take fitarwa yana cikin abubuwan da ke tayar da saiwar gashi daga hutu. Idan ta gaza, yawanci a kare mai matsakaicin shekaru, sai ya yi ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, ya zama malalaci, wutsiyarsa ta koma kamar ta ɓera, kuma duk inda aka aske ba ya tsirowa. Da gwajin jini ake ganewa, maganin kuwa ƙwaya ce ta kullum har ƙarshen rayuwa. Kuzari yakan dawo cikin makonni, gashi kuwa sai bayan watanni. Akwai kuma cutar da ake kira da sunan likitan nan na Amurka Harvey Cushing, inda sinadarin kotizon ke yin yawa a jiki. Karen yakan riƙa shan ruwa da fitsari fiye da kima, cikinsa ya yi tumbi, fatarsa ta yi siriri. Abin lura a nan shi ne, mutum na iya jawo wannan cuta da hannunsa idan ya daɗe yana ba kare magungunan kotizon domin ƙaiƙayi. Suna kwantar da susa nan take, shi ya sa ake son su, amma suna karya garkuwa, ƙwaron Demodeks da makero su sami sarari.

Haka nan kuma, karyar da ta haihu tana shayarwa, ko karen da ya yi zazzaɓi mai tsanani ko aka yi masa fiɗa, saiwoyinsa masu yawa kan shiga hutu lokaci guda. Bayan wata ɗaya zuwa uku sai gashin ya zube gaba ɗaya, mai shi ya firgita, alhali cutar ta riga ta wuce. Wannan yakan gyaru da kansa.

Sai abinci. Tun da gashi furotin ne, karen da ba ya samun komai sai ƙanzo da ragowar tuwo ba zai yi gashin kirki ba. Jiki yana da wayo, idan abinci ya yi ƙaranci zuciya da hanta yake fara ba, gashi ne na ƙarshe. Kare na bukatar nama ko kifi ko ƙwai, da ɗan mai, da sinadarin zinki, wanda rashinsa ke sa ɓawo a kewayen ido da baki. A dafa ƙwan, domin ɗanyen farin ƙwai idan ya yi yawa yana hana jiki amfana da wani bitamin da gashi ke bukata. Tsutsar ciki ma tana raba kare da abincinsa, don haka a riƙa ba shi maganinta a kan kari. Kada kuma a manta da kaɗaici. Karen da aka ɗaure wuri ɗaya yini da kwana yakan kama lasar ƙafarsa ta gaba har gashi ya tafi, wurin ya zama gyambo, kuma wannan ba ya warkewa sai an sake shi ya motsa jiki.

Shin zai tsiro, kuma yaushe?

Mun iso ga tambayar da kowane mai kare ke yi. Amsarta tana ga saiwa. Inda fata ta zama tabo, sumul tana sheƙi, babu ko alamar kofofin gashi, kamar bayan ƙunar wuta ko ruwan zafi ko rauni mai zurfi, saiwoyin sun mutu, kuma babu man shafawa ko allurar da za ta dawo da su. Duk wanda ya ce muku yana da irin wannan magani kuɗinku yake so. Inda kuwa fatar tana nan da laushinta da kofofinta, ko da ta yi baƙi ta yi kauri saboda daɗewar susa, akwai kyakkyawan zato, da sharaɗin an kawar da abin da ya jawo.

Game da lokaci, bayan maganin ƙazwa ko ƙuma ƙaiƙayi ne ke fara tafiya, sa'an nan bayan 'yan makonni a ga wani ɗan gashi mai laushi ya fara leƙowa, cikar riga kuwa sai wata uku ko huɗu. Cututtukan cikin jiki sun fi haka jinkiri. Sabon gashin yakan fito da launi dabam, ya fi na da duhu ko haske, kuma yawanci yakan daidaita bayan an sake zubarwa. Babban kuskuren da ake yi shi ne dakatar da magani da zarar gashi ya fara fitowa. A ƙazwar Demodeks ƙa'ida ita ce a ci gaba har likita ya kankari fata sau biyu, wata guda tsakani, bai ga ƙwaro ba. Idan kuwa wata shida ya wuce bayan aski babu alamar tsiro, a kai karen a auna jininsa, domin wataƙila askin ya tona wata cuta ce da ke ɓoye.

Kammalawa

Shugaba, kafin in zauna bari in tattara abin da mai kare zai yi. Ya riƙa taje karensa yana duba fatarsa a kalla sau ɗaya a mako. Idan ya ga sanƙo ya lura da abu huɗu kafin ya tafi asibitin dabbobi: yaushe ya fara, a wane sashe, akwai susa ko babu, kuma akwai wani kare ko wani yaro a gidan da ya fara ƙaiƙayi. Waɗannan amsoshi rabin aikin likita ne. Ya hana yara runguma da wasa da karen har a san ko mene ne, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi. Kada ya shafa masa komai daga garejin mota ko rumbun magungunan gona. Wanda kuma bai sayi kare ba tukuna, ya yi tunani kafin ya kawo dabbar ƙasar ƙanƙara garin da zafi ke wuce digiri 40, alhali ga karnukanmu na gida waɗanda rigarsu ta dace da ƙasar, ba su kuma gaza wajen gadi ba.

Ku ne masu ilmin da jama'a za su riƙa tambaya a garuruwanku da ma'aikatunku. Idan kowannenku ya hana mutum ɗaya shafa wa karensa baƙin mai, ya nuna masa hanyar asibitin dabbobi, to, zaman nan namu bai tashi a banza ba. Rigakafi dai ya fi magani, inda kuma ɓarna ta riga ta auku, sai magani na gaskiya da haƙuri.

 Idan Shugaba ya yarda, a shirye nake in amsa tambayoyinku.